Ɗari Biyar Ranar Lahadi

Litinin, 5 ga Mayu, bayan sallar asuba

Kalma 506. Na ƙirga da bakin bik, wato biro, na sake ƙirgawa, don ban yarda da idona ba yau.

Ban saba da irin wannan rubutu ba. A da duk abin da ya tsaya mini a rai Rifkatu nake kai wa ranar Asabar, ta yi mini dariya son ranta, in dawo gida sakayau. Yanzu ta hana ni zuwa, shi ya sa na sayi wannan ƙaramin kaye irin na rubutun ƴan makaranta, ko na sami wurin zuba abin da ba na littafin da nake rubutawa ba.

Tun muna koyarwa tare a lakwal ɗin Sabon Gari, ajinta jikin nawa, muka ƙulla wannan abu. Kowa ta rubuta kalma ɗari biyar a rana, bayan magariba ta tura wa ƴar'uwarta lamba a telefon. Lamba kawai, ba sannu ba ina wuni. Ni ina hutawa Juma'a, ita Lahadi, ta ce ranar har bik ɗinta majami'a yake zuwa. Wadda ta gaza a mako ita ke sayen ƙosai ranar Asabar, mu zauna gindin bishiyar bedin gidanta a Tsibiri kowa ta karanta wa ɗaya abin da ta rubuta. Ita tatsuniyoyin kakarta take tarawa, ni kuma labarin Atika. Kusan kullum ita ke sayen ƙosan, kuma kullum sai ta yi gardama, wai kalmominta sun fi nawa tsawo.

Shekaranjiya ta kira ni, ranar da suka dawo daga Yamai ita da ɗiyarta Damaris. Na tambaye ta abin da likita ya ce.

Ta ce, "Abin da likita ke cewa ya ce. Ke dai saurara, Madam Ramatu. Kak ki taka Tsibiri sai kin kai ƙarshen littahin nan. Ina son in ji yadda Atika za ta ƙare da wanga sakaran mijin nata, kuma da kunnena nike son ji. Ki yi sauri, ba ni da lokacin jiran masu kwalliya."

Na ce to. Da sauri na ce to ɗin nan, saurin da har yanzu yake ba ni kunya.

Talata, 6 ga Mayu, bayan magariba

Tawa 511. Tata 340.

Alhamis, 8 ga Mayu, da hantsi, lokacin hutun yara

Babi biyu suka rage. Tanimu mijin Atika ya dawo daga Agadas bayan shekarun da ya bar ta da tuyar ƙosai da yara uku, yana zagaye unguwa, bai yi ƙarfin halin tsayawa gabanta ba. Abin da ya rage shi ne su haɗu. Rifkatu ta daɗe da faɗa mini cewa in na bari Atika ta yafe masa a banza, ni da ita mun ɓata. Ni kuwa ban san abin da Atika za ta yi ba, shi ya sa nake son littafin.

Yau da asuba na zauna da niyyar haɗa su. Sai na tarar da kaina ina rubuta sunan maƙwabciyar Atika da ta haihu, da wanda ya kawo rago, da launin zanen mai jego. Kalma 530, babu ko ɗaya da ta matsar da Tanimu kusa da kaskon tuya.

Zafi ya yi yawa, an ɗauke wuta tun jiya. Tata ta jiya 260.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan azahar

Ƙafa ce ta kai ni. Na farka na yi shiri kamar kowace Asabar, na sayi ƙosai wurin matar bakin kasuwa ko da ba ni ce na gaza ba, na je har tashar masu zuwa Tsibiri. Mai kabu-kabu ya ce, "Hajiya, mu tahi?" Na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa jin Hausa ba. Na juyo gida unguwarmu Zariya ta nan Maradi a ƙafa, yara suka cinye ƙosan.

Maigida yana zaune yana gyaran rediyonsa, bai ɗago kai ba ya ce, "Ramatu, ciwo ba ya jiran littahi. Ki tahi ki gan ta."

Na ce alkawari na yi mata. Ya ce alkawarin da aka yi da mara lafiya ana iya karya shi a ba shi haƙuri daga baya. Na yi fushi na shige ɗaki, don ya faɗi gaskiya.

Tsoro nake ji. Na rubuta shi nan tunda ba wanda zai gani. Rifkatu mace ce mai jiki, in ta yi dariya har awarwaronta na kaɗawa, kuma wata da ta gan ta a tashar Yamai ta ce da ƙyar ta gane ta. Ba na son in ga wata a kan gadonta.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan magariba

Tawa 502. Ita yau hutu, telefon shiru kamar kowace Lahadi.

Talata, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Ina gyaran takardun yara na tsinci kaina ina ƙirga kalmomin wata yarinya da bakin jan bik. Har na rubuta mata 84 a wurin maki.

Tata ta jiya 120. Na kasa haƙuri na karya doka, na kira. Ta daɗe kafin ta ɗauka, muryarta kamar daga ƙarshen soro.

"Ina Atika?" ta ce, ko gaisuwa babu.

Na ce tana nan.

"Har yanzu tana tuya?"

Na ce e.

"Haba Ramatu. Mai ya ƙone. Ki sauke kaskon nan."

Ta yi tari mai tsawo, na ji Damaris na cewa Mama ya isa haka. Na tambaye ta ko in zo gobe. Ta ce in na zo hannu rabbana za ta sa a rufe mini ƙofa, kuma ba da wasa take ba. Na san ba littafin kaɗai ba ne, ita ma ba ta son in gan ta. Mun taru mu biyu mun ɓuya a bayan Atika.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan sallar asuba

Kalma 702. Ban taɓa yin haka kafin a tashi yara ba. Na kai Atika kasuwa sayen wake, na sa ta yi ciniki da mutum uku, na kwatanta kowane buhu.

Na san abin da nake yi. A raina na ɗauka muddin littafin bai ƙare ba, dole ta jira. Rifkatu ba ta taɓa barin labari a tsakiya ba, ko na yaro ɗan aji ɗaya ne sai ta ji ƙarshensa. To ina jan labarin. Allah Ya gafarta mini, na san kwana ba a hannun Atika yake ba, amma gobe ma haka zan yi.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan magariba

Tata 500! Alhamdu lillahi. Na tashi na shiga madafa na ce wa maigida yau me yake son ci. Ya dube ni ya ce ko an yi mini albishir. Na ce Rifkatu ta cika ɗari biyar.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan magariba

Hutuna. Tata 500. Maganin Yamai ya fara aiki ke nan.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan magariba

Tawa 515. Tata 500.

Daidai kuma. Matar da a iya sanina ba ta taɓa faɗawa kan ɗari biyar cif ba, ko dai ta gaza da goma sha uku ta yi gardama, ko ta wuce da bakwai ta yi mini gori. Wataƙila ta gaji da ƙirga ne. Ba zan yi tunani a kai ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan magariba

500.

Yau Lahadi.

Na kira ba a ɗauka ba. Na sake kira, na sake. Wanda ke riƙe da telefon ɗin ya san lambar da ake turawa, bai san ranar da ba a turawa ba. Ina zaune a kan darduma tun ɗazu, na kasa naɗe ta. Maigida ya ce da safe in je in nemi izinin diraktan lakwal, shi zai ji da yara.

Talata, 20 ga Mayu, da hantsi, Jiratawa

Jiya ban rubuta komai ba. Yau ma ba na littafi ba ne wannan.

Na isa Tsibiri da safe na tarar da kwaɗo a ƙofar. Ganyen bedi ya taru a bakin zaure ba a share ba. Maƙwabciyarta na surfe, ta tsaya da taɓarya a hannu ta ce, "Madam, ba ki ji ba? Tun Alhamis anka kai ta Jiratawa gidan wanta, Malam Barnaba. Ta ce can taka son jinya, inda anka haihe ta." Ban san yadda na ratsa Maradi ba, na dai ga kaina a bayan wani babur muna wuce gonakin albasa da zogale.

Damaris ce ta fito. Tana ganina ta sa gefen zane a baki.

"Tanti, ki yi haƙuri. Mama ce tac ce in riƙa turo miki ɗari biyar kullum, kak ki tsaya. Hannunta ya bar riƙe bik tun Laraba."

Na ce, "Ba ta gaya miki ba a turowa ran Lahadi?"

Ta ce a'a, ba ta gaya mata ba. Sai ta fashe da kuka wai ta ɓata wa Mama shiri. Na rungume ta na ce ɗiyata, wannan kuskuren naki shi ne alherin da aka yi mini a wannan watan.

Ba zan kwatanta Rifkatu ba. Na rubuta buhun wake da zanen mai jego, wannan kam ba zan rubuta ba. Awarwaronta suna kan taga.

Ta buɗe ido ta gan ni, ta ce, "Wa ya buɗe ma wagga mata ƙohwa?" Sannan ta miƙo hannu na riƙe. Ta tambaya ko na gama. Bakina ya ce e kafin in tambaye shi.

Damaris ta fita ta taya matar kawunta aiki a tsakar gida. Na ciro babban kayen littafin daga jaka na fara karantawa daga wurin suna. Ban yi nisa ba ta ɗaga yatsa.

"Wanga duk ciko ne. Ina ruwana da ragon suna? Tsallake."

Na je kasuwar wake.

"Ramatu, don Allah. Kai ni ƙarshe."

Na juya, na juya, har rubutu ya ƙare, farar takarda ta fito. Idonta a rufe yake. Sai na ɗaga kayen kamar mai karatu na fara magana. Na sa Tanimu ya zo wurin tuya da safe ya shiga layin masu sayen ƙosai a bayan yara, da ƴar tasarsa a hannu. Daga nan bakina ya ci gaba shi kaɗai. Ni hankalina na kan wuyanta, wurin da numfashi ke shiga yana fita, ina kallo kada ya tsaya. Na daɗe ina magana, har inuwa ta tashi daga bakin ƙofa ta hau bango.

Na kai ƙarshe na tsaya. Na ɗauka barci ya kwashe ta. Sai ta ce, ido a rufe, "Madam, shahi guda kika karantawa tun ɗazu. Ko sau ɗaya ban ji kin juya ba."

Na sa kaina a gefen gadon na yi kukan da nake riƙewa tun farkon wata. Ta bar ni na yi, tana taɓa ɗankwalina.

"Kalma nawa ke nan?" ta ce.

Na ce ban ƙirga ba.

"To yau kin yi rubutu. Haka Atika za ta yi, ba wata hanya. Ki tahi gida ki rubuta shi kamin ya tsere miki."

Na ce ba inda za ni. Ta ce taurin kaina ne zai kashe ni, ta juya ta yi barci.

Ba zan sa ƙarshen a wannan kaye ba, ba wurinsa ba ne. Littafi a kan teburina nake rubuta shi, bayan asuba, kafin kowa ya tashi, haka na saba tun farko kuma in na canza wuri rubutun ba ya zama. In na koma gida zan zauna in zuba shi gaba ɗaya. Yana nan a kaina, ina zai je.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan azahar

Ta sha kunu cokali biyu. Matan majami'arsu sun zo daga Tsibiri sun yi mata waƙa a hankali, leɓenta na bin su. Matar Malam Barnaba ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta in yi salla, ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, da safe

Ba ta yi magana ba tun jiya. Ina jiƙa mata leɓe da auduga. Damaris ta ce in je in kwanta, na ce ita ta je.

Alhamis, bayan la'asar

Hadari ya haɗu ta gabas ya watse, ba a yi ruwa ba. Malam Barnaba ya dawo daga gona ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya kasa shigowa. Ya ce tun suna yara ita ke ba shi labari, ko da shi ne babba.

Juma'a, 23 ga Mayu, da hantsi

Rifkatu ta rasu bayan fitowar rana. Hannunta na cikin nawa.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan la'asar, gida

Jiya aka binne ta a Tsibiri kusa da mijinta. Majami'ar ta cika har waje, tsofaffin ɗalibanmu na Sabon Gari sun zo, wasu da gemu, suna ce mini Madam sannu da haƙuri kamar ni ce dangin. Na zauna cikin mata, ban san waƙoƙin ba, na riƙa yi mata tawa addu'ar a zuci. Wata tsohuwa ta tambayi Damaris wace ce ni, ta ce ƙanwar Mama ce.

Bayan magariba na ɗauki telefon na duba. Ban san me nake nema ba.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan sallar asuba

Na zauna a teburina, na buɗe babban kayen a farar takardar nan. Na rubuta Tanimu ya shiga layi a bayan yara da tasarsa.

Shi ke nan abin da ya zo.

Talata, 27 ga Mayu, bayan sallar asuba

Layi, yara, tasa. Na san layin ya matsa. Na san ya iso gabanta. Ban san wanda ya fara magana ba. Ban san ko ta zuba masa ƙosan ko ta hana shi ba. In na rufe ido don in tuna, wuyan Rifkatu nake gani yana hawa yana sauka.

Na gwada ƙirƙiro wani. Na sa Atika ta kore shi, na soke. Na sa ta yafe masa, na soke. Duka biyun sun yi kyau, kuma ba ko ɗaya da yake shi ne wanda ta ce haka Atika za ta yi. Ta ce in tafi in rubuta kafin ya tsere, na tsaya jiran teburi. Ban yi nadamar zama wurinta ba, ko kaɗan. Amma kayen yana cikin jakata duk kwanakin nan, da bik.

Maigida ya kawo mini shayi ya ajiye, ya ga takardar, ya fita.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Damaris ta zo Maradi karɓar wasu takardun Mamanta, ta biyo ta gidan. Ta rame. Na zuba mata fura ta riƙe kwanon ba ta sha ba.

Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na tambaye ta. Na ce ranar da na iso Jiratawa, lokacin da nake karanta wa Mama ƙarshen littafi, ko ta ji wani abu daga ciki. Ko jimla ɗaya.

Ta yi tunani sosai, yarinyar kirki, har ta rufe ido. Ta ce suna can bakin murhu ita da matar Kawu, ana daka a maƙwabta, muryata kawai suke ji ba sa jin abin da nake cewa.

"Amma Tanti," ta ce, "mun ji Mama ta yi dariya. Sau biyu. Ta biyun har matar Kawu ta aje muciya ta ce ko ita ce. Tun da munka dawo daga Yamai ba ta yi ba, kuma ba ta sake ba."

Ni ban ji ba. Ina zaune kusa da ita, hannuna na taɓa zanen gadon, ban ji ba.

Na raka Damaris har bakin titi ta hau babur. Na dawo na zauna a teburin, ko da ba lokacinsa ba ne. Ban taɓa bik ba. Ina ta neman abin da Atika za ta iya ce wa mutumin nan a gaban kasko da zai sa mace mai irin wannan ciwo ta yi dariya har a ji ta a bakin murhu. Ni na faɗe shi, da bakina, kuma mutum ɗaya ce ta ji.